Katin Zahiru

Duk wanda ya taɓa sayen buhun shinkafa a kasuwar Malanville ya ga aikin Seydou Na-Allah, ko da bai san fuskarsa ba. Ka duba bakin buhun. In ɗinkin ya tafi a miƙe, an bar kunnuwa biyu na kamawa, an kuma ɗaure ƙarshen kirtanin da ƙulli ɗaya wanda za ka ja da yatsa ya warware ba sai ka nemo wuƙa ba, to hannunsa ne. 'Yan dakon bakin kogi sun san wannan ɗinki. Buhun Seydou yakan faɗo daga saman tirela ya daki ƙasa bai zubar da ko ƙwaya ɗaya ba.

Shekara ashirin da takwas ya yi yana ɗinkin buhu a kamfanin casar shinkafa da ke kan hanyar Madekali. Ni ma can nake, ina gyaran injuna. Sunana Abdoulrazak, kuma ni ne sakataren sandika, wato ƙungiyarmu ta ma'aikata. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya ɗauka ɗan kallo ne ke ba da labari. Da hannuna a ciki, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya rabuwa da goro, ba ya son dogon zance. Yana ɗaure wata 'yar fata a tafin hannunsa na dama don tura basilla, fatar ta yi baƙi ta yi sulɓi don daɗewa. In an tashi cin abinci sai ya soke basillar a jikin hularsa. Amma in ka shiga kamfanin ka ce kana neman Seydou, sai a yi ta kallon juna. Ka ce Zahiru, nan take za a nuna maka shi a bakin bututun da shinkafa ke zubowa.

Zahiru yayansa ne. Daga wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi suka fito, can cikin Nijar. Zahiru ne ya fara tsallako kogi, ya sami aiki a kamfanin, aka ba shi kati mai lamba. Ya yi shekara uku, zazzaɓi ya kama shi ranar Talata, ranar Juma'a aka kai shi makwancinsa. Ya bar mata, Mariama, da jaririya 'yar wata biyu mai suna Nafisat. Lokacin Seydou saurayi ne, ya zo cin rani yana dakon albasa a kasuwa. Shi ya yi wa yayansa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

To, akwai wata al'ada da muka tarar a kamfanin, muna ce mata gadon kati. In ma'aikaci ya rasu, ba a kai labari ofis. Bayan sadakar bakwai, ƙanensa ko ɗansa sai ya ɗauki katin ya zo ranar Litinin, a kai wa shef, wato mai kula da leburori, ƙwaryar goro, shef ya kau da kai. Daga ranar kowa zai riƙa kiran sabon da sunan mamacin, ciki da waje, don kada bakin wani ya suɓuce a gaban mutanen ofis. Katunan lokacin ba su da hoto, su kuma na ofis ba su taɓa ɗaga ido sun kalli fuskar lebura ba, balle su gane an sauya musu mutum. Babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin cuta. Tausayi ne. Da an kai labari, a ba wani baƙo gurbin, marayu su kwana da yunwa.

Haka Seydou ya wayi gari ya zama Zahiru. Mariama ta koma gida da jaririyarta, shi kuma ya tsaya nan yana ɗinki. Abin da Nafisat ta ci, abin da ta sa, makarantar da ta yi tun daga firamare har ta zama ungozoma a asibiti, duk daga bakin basillar nan ya fito. Ya yi aure nan Malanville, ya auri Habsatou, suka haifi huɗu, amma in ya ce "ɗiyata" ba tare da ya ambaci suna ba, kowa ya san ta Dogon Dutsi yake nufi. Ita ma ba ta san wani uba ba sai shi. Baba take ce masa.

A shekarar 2018 aka sayar da kamfanin ga wani attajiri daga kudu. Ya zo da na'urar dangwala yatsa, ya ce daga yanzu ba kati kawai ba, kowa sai an ɗauki yatsansa an haɗa da sunansa. Hankalin mutane ya tashi, don a lokacin masu riƙe da katin gado su goma sha biyu ne. Dattawan kamfani suka taru a inuwar mangwaron da ke bakin ƙofa, aka yanke shawara: kowa ya faɗi sunan da ke jikin katinsa, ya dangwala, ya fito. Seydou yana wurin, ya gyaɗa kai tare da kowa.

Da aka zo kansa, ya zauna gaban yarinyar da ke rubutu, ta tambaye shi sunansa da Faransanci. Ya dubi na'urar, ya dubi yatsansa, ya ce, "Seydou Na-Allah."

Da ya fito na tare shi. Na ce, "Yaya, mi ka aikata haka?"

Ya ce, "Abdou, kati takarda ta. Amma yatsa jikina na. Ƙaƙa za ni ɗora yatsan da Allah ya halitta mini bisa sunan wanda ni sa cikin ƙasa da hannuna? Na gwada, bakina ya ƙiya."

Murna yake yi, wallahi. Ya sayi goro ya raba. Ya kai sabon katin gida ya nuna wa Habsatou, ga hotonsa, ga sunansa na yanka, karo na farko a rayuwarsa. Yarinyar ofis ba ta tambaye shi komai ba. Ta duba ba ta ga Seydou a jerin ma'aikata ba, sai ta buɗe masa sabon shafi. Zahiru kuma da aka jira wata guda bai zo ya dangwala ba, sai aka rufe nasa, aka rubuta ya bar aiki ba sallama. Masu ɗinkin buhu duk mataki ɗaya suke, sabo da tsoho, don haka babu abin da ya sauya a ƙarshen wata da zai sa wani ya farga. Ni da nake taƙama da iya karatun takarda, ban farga ba. Sunan ma bai kama bakin mutane ba. Mako guda ya yi yana cewa "Seydou dai," ya gaji ya bari, aka ci gaba da Zahiru.

Yanzu maganar hutu. Hutunmu na shekara a watan Agusta ake ba mu, lokacin da babu shinkafar casa, injuna suna tsaye. Ba kai ke zaɓa ba. Ko mahaifiyarka ce za ta yi jinya a Disamba, sai dai ta jira Agusta. Shi ne sandika ta kai buƙata: wanda ya shekara ashirin a kamfani a ƙara masa kwana biyu, ashirin da biyar kwana huɗu, talatin kwana shida, kuma waɗannan kwanakin mutum ya ɗauke su ranar da ya ga dama. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Amma shekara biyu muka yi muna ja da darakta a kai. Mun rubuta wasiƙu har na haddace su. Mun ɗaura jan ƙyalle a hannu. Sau uku muna zaunawa a tsakar kamfani mu bar injuna suna huci.

A duk wannan gwagwarmaya Seydou ne a gaba, shi da ba ya son magana. Shi ya haɗa buhuna huɗu ya ɗinka mana allon da muka rubuta buƙatunmu a kai. Ranar da matasa suka fara zamewa don an yi musu barazanar kora, suna cewa su da ba su kai ko shekara goma ba me ya dame su, shi ya tashi. Ya kwance fatar hannunsa ya ɗaga tafin sama. Wurin ya yi kanta, ya yi tauri kamar ƙahon sa.

Ya ce, "Ku diba. Wanga hannu bai taɓa hutawa ranar da yake so ba. Ku ma tsuhwa za ku yi. In ba ku tsaya yau ba, ran da kunka kai shekaruna za ku ishe babu komi."

Babu wanda ya sake tashi daga wurin. Ni kaina ranar na ji ƙwalla.

Ba don son rigima ya tsaya ba, yana da abin da yake hange. Nafisat ta sami miji, Taufiq, malamin makaranta da aka tura can arewa wajen Agadas, ba ya samun saukowa sai hutun ƙarshen Disamba. A kamfaninmu kuwa Disamba ita ce tsakiyar aiki, an girbe fadama, tireloli sun yi layi har titi. Ga shi tun 2023 aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Gaya. Tafiyar da a da za ka yi sammako ka yi la'asar a gida, yanzu sai ka bi layin kwale-kwale, ka tsaya wa jandarma a wannan gaɓa da waccan, ka nemi mota a Gaya, ka kwana a hanya. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. An riga an ɗaga auren sau ɗaya, shekara guda cur, don Nafisat ta ce babu mai ba da ita sai Baba. Dangin ango sun yi haƙuri, amma haƙurin ya fara ƙarewa.

Cikin Oktoban 2024 darakta ya sa hannu. Ranar an yi kabbara a tsakar kamfani, an ɗaga ni sama kamar ni na yi aikin. Seydou bai tsaya murna ba. Ya koma gefe ya ƙirga da yatsunsa: shekara ashirin da takwas, kwana huɗu. Alhamis da Juma'a a hanya, Asabar ɗaurin aure, Lahadi dama ba aiki, Litinin ya iso. Ya yi daidai kamar an auna. Ya ciro wayarsa ya kira Mariama, ya ce a gaya wa dangin ango su sa rana, Asabar ta ƙarshen Disamba, yana nan tafe in Allah ya yarda.

Bayan wata guda ofis ya fito da jerin sunaye. Da yake da Faransanci aka rubuta, ni na hau kan buhu na karanta wa jama'a. Ana ta shewa. Da na zo kan "Khalidu, shekara talatin da ɗaya, kwana shida," sai wuri ya kaure da dariya, don wanda ya ɗaga hannu Latifu ne, mai riƙe da katin marigayi mahaifinsa, shekararsa talatin da uku a duniya. Wani ya ce ashe da goyo aka kawo shi aiki. Duk masu katin gado goma sha ɗayan nan da suka dangwala yatsa a kan sunan matattu sun sami kwanakinsu, wani huɗu, wani shida. Na kai ƙarshen takarda, na juya bayanta, babu komai.

Seydou yana tsaye a gabana. Ya ce, "Abdou, ba ka tsallake layi ba?"

Na sake bi da yatsa tun daga sama. Ban tsallake ba.

Muka tafi ofis tare, wurin Madam Kamila mai kula da takardun ma'aikata. Mace ce mai kirki daidai gwargwado, 'yar garin nan, tana jin Hausa da Dendi. Ta juyo mana da na'urarta. Seydou Na-Allah, ya fara aiki 2018, shekara shida. Na ce ta duba Zahiru Na-Allah. Ta duba. Ya fara 1993, ya bar aiki 2018 ba sallama. Shekara ashirin da biyar aka rubuta wa mutumin da ya yi uku ya mutu, wanda ya yi ashirin da takwas a tsaye kuma aka ce masa sabon shiga.

Ya nemi a ba shi kwana huɗun ko ba biya. Darakta ya aiko da amsa ta bakin shef: a Disamba babu mai motsawa sai wanda ke cikin jeri, kuma ma'aikacin da ya yi fashin kwana uku ba takarda ya sallami kansa. Kowa kuma ya san akwai keken ɗinkin buhu na lantarki a cikin akwati a sito, an kawo shi tun bara, dalili kawai ake jira. Mutum ya haura hamsin, da 'ya'ya huɗu a makaranta, ba ƙasarsa ba, ina zai nufa?

Nan ne ran Seydou ya ɓaci, karo na farko da na gani. Ya ce zai kai ƙara wurin sufeton aiki. Ya ce kamfani kaf shaidarsa ne, 'yan dakon kasuwa shaidarsa ne, a ciro kowane tsohon buhu a duba ɗinkin. Gaskiya ya faɗa, kuma da ya je ina jin da ya yi nasara. Amma in sufeto ya tambayi yadda aka yi rayayye ya shekara ashirin da biyu da katin mamaci, dole a ambaci gadon kati. In an ambata, darakta zai bi jeri ɗaya bayan ɗaya. Mutum goma sha ɗaya, kowanne da gida a bayansa, kuma su ba a kan takarda kawai suka yi ba, yatsa suka dangwala.

Kwamitin sandika ya zauna, aka ce sakatare ya je ya ba shi baki. Wato ni. Na je gidansa ranar Lahadi bayan la'asar, a unguwar da ke bayan kasuwar albasa. Na same shi a kan tabarma yana gyara wa ƙaramar 'yarsa jakar makaranta, da basilla, don shi komai da basilla yake gyarawa. Habsatou ta kawo mini ruwa ta koma bakin murhu, inda za ta ji komai.

Na yi ta kewaye-kewaye, na ambaci haɗin kai, na ambaci maslahar jama'a, irin kalmomin da muke faɗa a taro. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Kana nuhin in yi shiru."

Na ce, "Yaya, mutum goma sha ɗaya na. Latifu ɗiya ukku gare shi, ga tsohuwa."

Habsatou ta ce daga inda take, ba ta ko juyo ba, "Malam Abdou, ran da kunka zamna cikin rana kuna neman kwanakkin ga, wa yat tsaida muku mutane? Yanzu kowa ya samu, shi ɗai za a ce ya yi haƙuri? Waɗanda sunka yi ƙarya sun ci riba, mai gaskiya shi aka aiko ma da sakatare."

Sai na fito da abin da na zo da shi a aljihu. Madam Kamila ce ta nuna mini hanyar, a ɓoye. Akwai takardar da ake yi a hukumance, mai shaida cewa suna biyu na mutum ɗaya ne. In aka kawo ta, da shaidu biyu da suka rantse cewa Zahiru shi ne Seydou, za ta haɗe shafukan biyu, ba mai tambaya. Ba kwana huɗu ba ma, shida zai samu. Na ce ni zan zama shaida na farko, na biyu kuma ba zai yi wuya ba. A raina ina ganin na kawo masa babban alheri.

Ya ajiye jakar. Ya dube ni.

Ya ce, "In rantse ni na Zahiru."

Na ce, "Shekara ashirin da takwas kana amsa sunan, Yaya. Mi ya rage?"

Ya ce, "Amsawa daban, rantsuwa daban. Na amsa don yarinya ta ci tuwo. Amma ni na wanke shi, Abdou. Ni na juya huskarshi gabas. Ran Asabar liman za ya ce Nafisatu ɗiyar marigayi Zahiru, a yi mishi addu'a, ni ko ina zamne da takarda cikin aljihu wadda ta ce bai mutu ba, ni na shi. Da wane baki za ni ce amin? Kuma kai ma in jawo ka cikin rantsuwar? A'a."

Na ce to sufeto fa?

Ya ɗauki jakar ya ci gaba da ɗinki. Ya ce, "Tahi ka hwaɗa musu su kwantar da hankalinsu. Ba ni zuwa."

Na fito daga gidan nan ina jin kaina ƙaramin mutum. Abin da aka aike ni na samo, kuma ban taɓa jin kunyar nasara irin ta ranar ba. A rahoton da na aika wa uwar ƙungiya a ƙarshen shekara na rubuta cewa duk ma'aikacin da ya cancanta ya sami ƙarin hutunsa. Da hannuna na rubuta, aka kuma aiko mana da takardar yabo.

Habsatou ce ta gaya mini yadda suka yi da Nafisat a waya. Yarinyar ta ce a sake ɗagawa, ko zuwa Agusta, ko zuwa baɗi. Ya ce a'a, ba za a mai da mutanen kirki abin wasa ba, an ɗaga sau ɗaya ya isa. Ta yi kuka ta ce to ita wa gare ta. Ya ce tana da Allah, kuma zai aiko wakili. Da ya kashe wayar, in ji Habsatou, ya fita bai ce ga inda za shi ba, sai daga baya aka ce an gan shi zaune a bakin kogi yana kallon masu tsallakawa.

Latifu ne ya zo wurin Seydou da kansa, kansa a ƙasa. Ya ce ya je ofis ya roƙi a ba Baba Zahiru kwanakinsa shida, an ce ba a kyauta da hutu. Ya ce to tunda kwanakin suna hannunsa kuma bai san abin da zai yi da su ba, in Baba ya yarda shi zai je ya tsaya masa. Ina wurin. Na zaci Seydou zai kore shi. Sai ya ce masa ya zauna, ya shiga koya masa: gidan da zai fara sauka, dattawan da zai gaisar da sunayensu, abin da zai ce in liman ya tambaya. Ya sa shi ya maimaita sau uku. Ya ba shi babbar rigar da ya ɗinka wa kansa don ranar, ta yi wa Latifu gajarta, hannuwansa a waje. Ranar Alhamis da safe yaron da aka rubuta wa shekara talatin da ɗaya ya hau kabu-kabu zuwa bakin ruwa, da hutun mahaifinsa da ya rasu, zai je ya ba da auren 'yar wani mamacin.

Asabar ta zo, tireloli tara a layi. An ce ƙarfe goma sha ɗaya za a ɗaura. Saura minti biyar na je na kashe babban inji, na gaya wa shef bel ɗin da ke juya injin ya yi zafi, sai ya huce. Ƙarya ce, kuma ita kaɗai ce abin da na iya yi masa a duk wannan lamari. Kamfani ya yi tsit. Na ja Seydou bayan tarin buhuna, na kira Latifu, ya ɗaga ya bar wayar a buɗe a aljihun rigar.

Muna jin hayaniyar mutane, da kukan wani rago, da muryar maroƙi. Sai liman ya yi gyaran murya, ya tambayi wane ne waliyyin amarya. Sai muka ji muryar Latifu.

"Ni na wakilin waliyyi, Malam Seydou Na-Allah, ƙanen mahaihinta marigayi Zahiru. Shi yar riƙe ta tun tana wata biyu. Ya ce in ba da ita."

Aka yi siga, aka shaida. Liman ya yi wa marigayi addu'a, ya yi wa Malam Seydou addu'a, Allah ya saka masa, taro ya amsa da amin. Seydou ya ɗaga hannuwansa, fatar tana ɗaure a tafinsa, kirtani yana rataye a wuyansa. Leɓunansa suna motsi amma ban ji abin da yake cewa ba. Hawaye ya bi ta cikin ƙurar shinkafar da ke fuskarsa ya yi layi biyu. Aka shafa fatiha, muka shafa tare da su, can wata mata ta rangaɗa guɗa.

Ba a gama guɗar ba muryar shef ta taso daga bakin bututu.

"Zahiru! Ina Zahiru? Buhuna sun taru, direbobi na jira!"

Ya goge fuskarsa da gefen hula, ya zare basillar daga jikinta.

Ya ce, "Na'am."

Ya tafi. Ni kuma na koma na tada injin.